Motar da Ta Fitar da Kawu daga Madina

Kawu ya rasu, kuma ba a Madina ya rasu ba. Gara in faɗi wannan tun a farko, don na gaji da faɗarsa. Tun ranar da muka jera kujeru a ƙofar gidan ɗansa a unguwar Ranuna, nan Madina, nake maimaita maganar nan ga duk wanda ya zo gaisuwa, har ta daina yi mini nauyi a baki. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, wannan ban musa ba. Amma zuciyata ba ta kwanta ba, kuma ba zan yi kamar ta kwanta ba.

Zaman makoki a nan ba irin na gida ba ne. Bayan Magariba ake zuwa, a watse bayan Isha. Mu dangi mu tsaya a layi, masu gaisuwa su bi mu ɗaya bayan ɗaya suna dafa mana kafaɗa, sannan su zauna a ba su gahawa da dabino. Ni ne a farkon layin, ɗan ƙanwarsa, tunda na girmi duk mazan da suka rage. Kusa da ni ɗansa, wanda aka haifa a nan, yana jin Hausa sarai amma in ka yi masa sai ya mayar maka da Larabci. Aka ce masa "Ya haƙuri?" ya ce "Alhamdu lillah, jazakallahu khair," idonsa a ƙasa. Haka muka yi ta yi.

Ɗaliban jami'a sun zo da yawa, 'yan Najeriya da 'yan Nijar, wasunsu yanzu malamai ne da gemu ya fara fari. Duk wanda ya taɓa sayen tsohuwar mota a garin nan yana ɗalibi ya san gareji ɗaya da ba a korar talaka. Mai walda ɗan Sudan da suka yi maƙwabtaka a Sina'iyya, unguwar masu gyaran mota, ya zo ya rungume ni yana kuka kamar mace ta yi ɓari, har na rasa yadda zan ɓamɓare shi. Duk wannan na iya da shi.

Wanda ya karya ni shi ne wani dattijo ɗan Damagaram, abokin sahun Kawu a Harami, idonsa ya yi rauni, jikansa ke ja masa hannu. Ya dafa ni ya ce, "Yaro, na tsaya bayan La'asar, na bi makara har ƙofar maƙabartar Baƙi'a, ban ji muryar ko ɗayanku ba. Da Asuba kuka kai shi ne?"

Na ce, "Baba, a Najeriya ya rasu. Can aka binne shi."

Ya ɗauke hannunsa daga kafaɗata. Ya ce, "Shi ɗin?"

Na ce shi ɗin.

Ya zauna a kujerar farko da ya laluba. Aka miƙo masa gahawa bai karɓa ba. Can ya ce, ba da ni yake ba, "Ni da ban damu da inda za a sa ni ba, ga ni zaune." Yana nan zaune har jikansa ya tashe shi.

Ba laifinsa ba ne da bai sani ba. Kawu ya bar garin nan ba tare da ya yi sallama da kowa ba, kunya ta hana shi. Shi ya sa nake rubuta wannan, don masu tambaya su san abin da ya fitar da shi, su kuma daina tambayata.

Kawu ya zo ƙasar nan yana saurayi, aikin hajji ya kawo shi, ya ƙi komawa. Wani Bamadine mai gareji ya ɗauke shi, ya zama kafilinsa, wato wanda iƙamarsa ke hannunsa, takardar da in babu ita ba ka da zama. Su biyun sun tsufa tare a cikin baƙin mai. Kullum cikin faɗa suke, a kan sifana, a kan shayi, a kan wanda ya bar ƙofa a buɗe. Kafili ya zage shi da Larabci, Kawu ya rama da Hausa, kowa ya san abin da ɗan'uwansa ya ce. In aka kira salla su wanke hannu a bokiti ɗaya su tafi tare.

Yana da ɗabi'u da ke ba ni haushi, kuma yanzu su nake nema. Ba ya taɓa mota sai ya saurare ta. Mai mota na tsaye yana zuba bayani, Kawu zai ɗaga masa hannu ya ce, "Kai ka gama, bari ita ta faɗa." Sai ya ɗauki doguwar sukundireba, ya ɗora bakinta a kan inji, ya manna ƙotar a kunnensa, ya lumshe ido. Mutum na sauri, shi ko a jikinsa. In ya gama ya ce maka abu kaza ne, to abu kaza ne ɗin, kuma in ba komai zai ce maka ba komai, ka ɗauki motarka ka tafi. Na sha ce masa, "Kawu, ko filogi ka canja masa mana, ya ji an yi masa aiki." Sai ya kalle ni kamar na yi tusa a masallaci.

Ni direban bas ne, alhazai da masu Umra nake ɗauka. Wata shekara da bazara bas ta mace mini a miƙatin Bi'ir Ali, mutane sun riga sun ɗaura harami, sun yi niyya, tsofaffi cike da mota, rana kamar za ta sauko. Kamfani suka ce in jira. Na kira Kawu. Ya rufe gareji ya zo, ya shimfiɗa kwali a kan kwalta mai zafin da ba ka iya taka ta da silifa, ya shige ƙarƙashin bas. Da ya fito, bayansa ya yi ja kamar an gasa. Wata tsohuwa ta miƙo masa ruwa ta taga, ya sha, ya ce mata, "Hajiya, in kin ga Ɗakin Ka'aba ki ce Allah ya bar ni a nan." Shi ne ladan da ya nema, kuma ko ni bai bari na yi masa godiya ba, sai ma faɗa da ya yi mini a kan ban duba ruwan lagireto ba.

Allah ya bar ni a nan. Wannan ce addu'arsa, ba shi da wata. Bai gina gida a Najeriya ba, bai sayi fili ba, Inna matarsa ta yi magana har ta gaji. Abin da yake so ɗaya ne, ya mutu a Madina a sa shi a Baƙi'a. Kowa ya san falalar hakan, kowa na so, amma shi nasa son ya wuce na baki. Duk ranar da ya samu La'asar a Harami, in aka sallaci gawa, sai ya bi makara, ko ta wane ne, ɗan Indonesiya ko Bature, ya sa kafaɗa, ya zuba ƙasa. In ya dawo Inna ta ce, "Malam, yau kuma wa ya rasu?" Sai ya ce, "Ban san shi ba. Unguwar da zan koma na je dubawa." Inna ta ja tsaki ta ajiye masa abinci.

To, sai kafili ya riga shi rasuwa. Kawu ne ya shiga kabarin ya karɓe shi. Ya dawo ya zauna a gareji shi kaɗai, ba wanda zai yi faɗa da shi.

Ba a daɗe ba magada suka yanke shawarar sayar da garejin, ƙasa da gini, a raba. Wannan haƙƙinsu ne, ban ce komai ba. Amma in gareji ya tafi, iƙamar Kawu ta tafi, don a kansa take. Wa zai ɗauki tsoho mai rawar hannu ya yi masa sabuwar takarda? Ɗansa aikin shago yake, matsayinsa bai kai ya riƙe iyaye a kan tasa ba. Ni ma haka. Mun zaga, mun roƙa, mun sha shayin mutane har cikinmu ya kumbura, kowa ya ce inshallah. Abin da ya rage shi ne fita ta ƙarshe, wadda ba dawowa.

A nan ne motar ta shigo. A can ƙuryar gareji akwai wata tsohuwar motar Amurka da kafili ya saya yana matashi, mai ƙofa biyu, doguwar bonet, inji mai silinda takwas, irin waɗanda in sun tashi ƙasa ke rawa. Ta yi shekaru a ƙarƙashin tamfol. Autan kafili, wanda Kawu ya goya a kafaɗa yana ƙarami, ya tsaya a gaban 'yan'uwansa ya ce ba za a sayar da gareji ba sai an tayar da motar babansu, kuma ba tayarwa kawai ba, sufacaja yake so a ɗora mata. Wata na'ura ce da ake ɗorawa a saman inji, bel na juya ta, tana ɗura wa injin iska da ƙarfi fiye da yadda zai iya shaƙa da kansa, ƙarfinsa ya ninku. Ya yi odarta daga waje, ta zo a cikin akwatin katako tana ƙyalli. Ya ce ba wanda zai taɓa motar sai Kawu. 'Yan'uwansa suka ce to, ai ba abin da zai daɗe ba ne.

Ina wurin ranar da ya kawo akwatin. Ya sumbaci Kawu a goshi ya ce, "Ya amm, baffana, ala mahlak. A hankali. Ba wanda ke koran ka." Ya maimaita har sau biyu, yana kallon sa cikin ido. Ni na gane, Kawu ma ya gane. Ƙofa ce yaron ya buɗe masa. Muddin mota ba ta gamu ba, gareji na nan, iƙama na nan, Kawu na Madina. Na fita waje na ɗaga hannu na gode wa Allah.

Da farko ba sai an yi dabara ba, aikin da kansa mai tsawo ne. Kawu ya sauke injin ya wargaza shi kaf, ya jera kayan a kan buhu. Ya ce fistin ɗin da ke ciki ba za su ɗauki matsin ba, in aka ɗura musu iska haka za su narke, sai an samo waɗanda aka yi don wannan. Aka yi oda, aka jira. Ya ce lagireto ya yi ƙanƙanta, zafin Madina ba na Amurka ba ne. Aka nemo babba. Ya ce kafireto ɗaya ba zai ƙosar da ita fetur ba, ya ce giya za ta karye, ya ce burkin da ke jikinta na motar da ba ta gudu ne. Duk gaskiya ya faɗa, ba ƙarya ko ɗaya. In na biyo da yamma zan same shi yana waƙe-waƙensa ƙasa-ƙasa, yana goge ƙarfe. Ya yi ƙiba ma a lokacin. Yana cewa, "Ni da ita tsofaffi ne, ba a ɗura mana abu da gaggawa."

Amma kowane aiki yana da ƙarshe, kuma Kawu ya fi kowa sanin inda ƙarshen yake. Kaya suka gama zuwa. Inji ya koma mazauninsa. Abin da ya rage a ɗora na'urar, a ja bel, a yanka bonet don kanta ya samu wurin fitowa, a daidaita wuta. Aikin da a da zai gama kafin wata ya mutu. Sai ya tsaya.

Ba ya cewa ya tsaya. Zai kwance abin da ya ɗaura jiya ya sake ɗaurawa. Zai wanke abin da ke a wanke. In auta ya leƙo ya ce, "Kef, ya amm, ya aiki?" sai ya ce ana nan ana yi, auta ya ce tayyib, madalla, ya juya da sauri kafin a gaya masa abin da ba ya son ji. Haka aka ci Ramadan, aka ci hajji, aka shiga wata shekarar. Ni dai murna nake. Amma Kawu ya fara lalacewa a kan idona. Ya rame. Waƙar ta ɗauke. Inna ta ce mini abinci sai ya jagwalgwala ya ture. Abin da ya fi ba ni tsoro, ya daina bin makara. Ya idar da salla ya fita ta wata ƙofar, ko kallon ɓangaren Baƙi'a ba ya yi. Na tambaye shi, ya ce gwiwa ce. Ba gwiwa ba ce.

Wata ranar da hantsi ina garejin, mota ta tsaya a ƙofa. Babbar 'yar kafili ce, mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Ba ta fito ba, ta sauke gilashi, Kawu ya goge hannu ya je ya tsaya daga gefe. Ta kawo masa kwalin dabino daga gonar danginsu ta Khaibar, kamar yadda babanta ke yi duk kaka. Suka gaisa, ta tambayi Inna. Sannan ta ce, cikin ladabi, ba faɗa ba gori, "Ya amm, motar ta kusa? Ba gaggauta ka nake ba, wallahi. Mai gidan da muke ciki ne ya ce mu tashi, ni kuma na sa rai in an raba in samar wa yaran nan wurin da ba mai tashin su." Ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta ɗaga gilashi suka tafi.

Kawu ya daɗe a tsaye da kwalin a hannu. Ya shigo ya ajiye shi a kan benci, ya wuce kai tsaye ya janye tamfol daga kan motar, ya ce mini, "Miƙo mini akwatin can."

A nan muka yi faɗan da ba mu taɓa yin irinsa ba. Na ce, "Kawu, me za ka yi?"

Ya ce, "Aikina."

Na ce, "Haba Kawu. Wannan matar tana da 'yan'uwa maza, masu hali, su kama mata gida mana. Kai wa kake da shi? Ka ce bel bai zo ba."

"Bel ya zo. Tun bara yake cikin akwatin nan."

"Wa ya sani?"

"Ni."

Raina ya ɓaci. Na ce masa shekara nawa ya yi yana bauta wa gidan nan, na ce yaron da kansa ya ba shi dama, ba sata ba ce, kyauta ce. Ya ce yaron ya yi kyauta da abin da ba nasa shi kaɗai ba. Na ce to shi ke nan, a sayar, shi kuma ya zauna a ɗakina ba takarda, mutum nawa ke zaune haka a garin nan, wa zai shiga gida ya kama tsoho? Ya ce ba zai ɓuya a garin Manzo kamar ɓarawo ba. Na ce masa taurin kai ne kawai, ba tsoron Allah ba, kuma Inna zai ja ya kai ta inda ba ta san kowa ba. Wannan ta shige shi, na ga ta shige shi. Ya zauna a kan tayar da ke gefe, sannan ya ce a hankali, "Ɗan nan, so nake in kwanta kusa da mutanen can. To in na shiga da marayu a wuyana, da wace fuska zan kwanta? Shekara guda ke nan ina jin kunyar ƙofar Baƙi'a."

Na fita na bar masa garejin. Na yi kwanaki ban leƙo ba. Har yau ina ganin da ya bi tawa da yana Baƙi'a, kuma ba wanda zai ce ya yi laifi. Ban canja ra'ayi ba. Na dai koma, don hannunsa na rawa, kuma na'urar nauyi gare ta, ba zai iya ɗaga ta shi kaɗai ba. Ni na riƙe masa ita ya ɗaura. Mai walda ɗan Sudan ya yanka bonet, yana yi yana share ido da gefen hannu, don shi ma ya san abin da ake yankawa. Ɗan Kawu ya zo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Abuya, lesh?" wato Baba, don me? Kawu ya ce masa da Hausa, "In ba za ka kama aiki ba matsa mini daga haske."

Kuma bai yi aikin ganin dama ba, wannan shi ya fi ƙona mini rai. Mutum na haƙa ramin da zai faɗa, amma sai ya tsaya yana gyara gefensa. Ya ja bel ya sassauta, ya ja ya sassauta, har sai da ya yi masa daidai. Ya rage wuta don kada inji ya yi ƙwanƙwasa in zafi ya taso. Waƙar ma ta dawo. Ya koma cin abinci. Ranar Juma'ar makon ya bi makara har cikin Baƙi'a, ya dawo da ƙura a gwiwar wandonsa.

Ranar gwaji muka fita da sassafe ta hanyar Khaibar, kafin rana ta yi zafi. Ni ke tuƙi, shi yana gefe, tafin hannunsa a kan dashbod. Muka bar gari, muka shiga cikin baƙaƙen duwatsun nan, hanya ta miƙe ba kowa. Ya ce, "Taka." Na taka. Na yi shekaru ina tuƙi, ban taɓa jin abu irin wannan ba. Motar ta danna ni cikin kujera, na'urar ta ɗauki wani siririn kuka a saman rurin injin, kamar injin markaɗe in an sakar masa wuta. Ya ce in sassauta, in sake takawa. Ya sa na hau tudu da babbar giya. Idonsa a lumshe, kunnensa a karkace. Ni kuwa allurar zafi nake kallo, ina roƙon Allah a zuciyata ta hau, wani abu ya fashe, ko hayaƙi ya tashi. Allurar ta tsaya cak a tsakiya kamar an kafe ta da ƙusa.

Ya ce in tsaya. Na gangara gefen hanya. Ya fita ya buɗe bonet, ya ɗora sukundirebarsa, ya saurara ya saurara. Na zo na tsaya kusa da shi na ce, ba da faɗa ba wannan karon, "Kawu, don Allah. Ka ce ka ji wani abu. Ko ƙarami ne. Ba wanda zai musa maka."

Ya ɗago ya sa sukundirebar a aljihu. Ya ce, "Ba komai. Lafiyarta ƙalau."

Muka juyo. Da gari ya fara bayyana daga nesa ya ce, "Rage gudu." Na rage. Ya ce in ƙara ragewa. Motar da za ta iya tashi sama, muka shigo da ita Madina kamar muna bin jaki, manyan motoci na yi mana ham suna wucewa. Kansa na jingine da gilashi yana kallon gari.

Sauran ba shi da daɗin faɗa. Ya miƙa makulli. Auta ya karɓa kamar an miƙa masa garwashi, ya ce, "Ya amm, na ce maka a hankali." Kawu ya ce, "Na yi a hankalin, har na wuce." Aka sayar da gareji, aka raba, matar nan ta samu gidanta. Aka buga wa Kawu da Inna fita. Ya hana a gaya wa kowa ranar tafiya. Ni da ɗansa kawai muka kai su filin jirgi, da akwati biyu da jarkar zamzam.

A garinsu ɗakin wani ɗan ƙaninsa aka ba su. Waɗanda suka san shi duk sun mutu, yaran gidan suna ce masa Balarabe don in ya manta sai ya yi musu Larabci. Ina kiran sa duk Juma'a. Ba ya ƙorafi, ba ya tambayar Harami, ina jin ba ya iyawa ne. Abu ɗaya yake tambaya. Ko a kiran ƙarshe, muryarsa ta riga ta shige, sai da ya ce, "Ya motar? Bazara ta shigo, ba ta zafi dai ko?" Na ce ban sani ba, Kawu, ni ina ruwana da motar. Ya yi 'yar dariya ya ce in tambaya masa. Bai kai wata Juma'ar ba. Inna ta ce da hantsi ne, yana zaune a kan tabarma, ba jinya ba komai. Aka kai shi maƙabartar bayan gari, mutanen da suka ɗauke shi yawancinsu ba su san ko wane ne ba.

A daren ƙarshe na zaman makoki, ana shirin naɗe kujeru bayan Isha, autan kafili ya zo. Ya bi layi ya dafa ni. Tunda an bar mini saƙo, na isar. Na ce, "Ya ce in tambaye ka, motar ba ta zafi?"

Ya kalle ni, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Wallahi ban taɓa tayar da ita ba. Tana gida a rufe. Ni ba mota nake so ba."

Na ce na sani. Kawu ma ya sani. Na ce ya zauna a kawo masa gahawa, don ban da abin da zan ƙara masa, kuma ƙafafuna sun gaji.

Ya Allah, bawanka ne, ka fi mu sanin sa. Ka san inda ya so ya kwanta, ka kuma san abin da ya hana shi. Ni na kasa yafe masa wannan, Kai kada ka bar shi a inda muka bar shi. Ka jiƙansa, ka ba Inna haƙuri, ka tashe shi cikin mutanen Madina.